Agogona ya ce na ƙona kalori 550: in ci abin da na ƙona ko in bar shi?

Tambaya: Ni mazaunin Agege ne, ina zaman shago, shekarata 42, nauyina kilo 95, tsawona mita 1.72. Likita ya ce in rage ƙiba saboda hawan jini ya fara leƙo ni. Na sauke manhajar lissafin abinci a waya, ta yanka min kalori 1,800 a rana. Bayan sallar asuba nakan yi tattakin awa guda, agogon hannuna ya nuna na ƙona kamar 550, sai manhajar ta ƙara min su ta ce yau ina da 2,350. Abokina ya ce in ci, gumina ne. Matata ta ce idan na ci, wahalar banza na yi. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Alhaji, Allah Ya ƙara lafiya, Ya kuma kawo sauƙin hawan jinin nan. A irin motsa jikin da kake yi, uwargida ce ta fi kusa da gaskiya: kada ka ci 550 ɗin nan. Ka tsaya a kan abincin da aka yanka maka, ranar tattaki da ranar hutu duk ɗaya, sannan nan da mako uku ko huɗu sikeli zai faɗa maka ko kana buƙatar ƙari. Sai dai ban yarda tattakin yana zama wahalar banza ba, ko da ka ci, kuma akwai mutanen da shawarar abokinka ce ta dace da su. Duk zan zo kansu. Mu fara da lambar da agogon ya nuna maka, domin daga nan ɓarakar take.

Agogon hannu ba ya auna kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa kuma jiki ke ƙonawa. Abu biyu yake iya gani, bugun zuciyarka da lilon hannunka. Sai ya haɗa su da shekaru da nauyi da tsawon da ka shigar masa, ya yi kintace. Ainihin awon kuzarin da mutum ke ƙonawa a ɗakin gwaji ake yin sa, a rufe masa baki da hanci da na'ura, a auna iskar da ya shaƙa da wadda ya fitar. A shekarar 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun ɗaura wa mutum 60 agoguna iri bakwai, ciki har da Apple Watch da Fitbit, suka sa su tafiya da gudu da tuƙa keke, suna gwama abin da agogo ya ce da abin da na'urar ta auna. Wajen bugun zuciya yawancinsu sun yi ƙoƙari, kuskuren bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Wajen kalori kuwa, wanda ya fi kowanne kusantar gaskiya ya kauce da kashi 27 cikin ɗari, na can ƙarshe ya kauce da kashi 93. An fito da sababbin agoguna bayan nan, amma tushen lissafin yana nan yadda yake, kintace ne har yanzu.

Mu da muke Legas muna da ƙarin dalilin taka-tsantsan. Iskar garin nan a jiƙe take, gumi ba ya bushewa da wuri, don haka dole zuciya ta ƙara bugu ta tura jini zuwa fata don jiki ya huce. Tafiyar da za ka yi a Jos da sanyin safiya zuciyarka a kwance, ita ce za ka yi a Agege zuciyar na bugawa da sauri, alhali aikin da ƙafafunka suka yi ɗaya ne. Agogo bai san zafi ne ya jawo ba. Shi dai ya ga bugu ya ƙaru, sai ya rubuta maka kalori. Wanda kuma yake shan irin maganin hawan jinin da ke rage bugun zuciya, kamar atenolol, lissafin agogonsa ya rikice ta ɗaya gefen. Injin gudu na gidan motsa jiki ma haka yake: idan ba ka shigar da nauyinka ba, lissafin wani mutum daban yake yi, idan kuma ka dafa ƙarfen gefe kana tafiya, ka rage wa ƙafafunka aiki amma allon bai rage komai ba.

Bari mu lissafa tattakinka da hannu. Mutum mai shekarunka da nauyinka da tsawonka, ko a kwance ya wuni bai ɗaga yatsa ba, jikinsa zai ƙona kimanin kalori 1,800 a awa 24, na numfashi da bugun zuciya da aikin hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa. Wato kusan 75 a kowace awa. Idan aka haɗa da 'yar zirga-zirgar mai zaman shago, abin da kake ƙonawa a rana ba tare da tattaki ba yana tsakanin 2,200 da 2,300. Daga nan manhajar ta cire maka 400 zuwa 500, shi ya sa ta ba ka 1,800. Wannan giɓin shi ne ke rage maka ƙiba, domin shi ke tilasta wa jiki ya koma ya ɗebi kitsen da ya ajiye.

Tafiya da sauri ta awa guda, a ce kilomita biyar da rabi, ga mai kilo 95, tana cin kalori 350 zuwa 400 gaba ɗaya. Ka ga tun daga nan 550 ta faɗi. A cikin wannan ɗin ma akwai 75 da za ka ƙona ko da barci ka koma bayan asuba, kuma an riga an sa ta a lissafin wuni. Cire ta, saura kamar 300. Wannan ne abin da tattakin ya ƙaro da gaske.

Ko 300 ɗin ma ba duka ke zama riba ba, kuma wannan ne abin da mutane suka fi jin wuyar karɓa. Wani masani mai suna Herman Pontzer da abokan aikinsa sun auna kuzarin da mutanen Hadza na ƙasar Tanzaniya ke ƙonawa. Mutane ne da ke rayuwa da farauta da tsintar 'ya'yan itace da tonon saiwa, suna tafiyar kilomitoci da ƙafa kullum. Sakamakon da suka fitar a 2012 ya nuna cewa idan aka yi la'akari da girman jiki, abin da suke ƙonawa a rana bai bambanta sosai da na ma'aikatan ofis a Amurka da Turai ba. Jiki yana da hanyar tsimi. Idan ka kashe da yawa a nan, sai ya ɗan matse a can. A 2021 wani bincike da ya tattara awon manya fiye da 1,700 ya gano cewa a matsakaici, jiki yana mayar da kusan kashi 28 cikin ɗari na abin da aka ƙona ta motsi, ta hanyar rage abin da yake kashewa a sauran ayyukansa. Ga masu yawan kitse, abin ya kusa kai rabi. Ga kuma wanda ido ke gani: ranar da ka yi tattaki, ka fi saurin tsayar da keke Marwa a tafiyar da da ƙafa kake yi, ka fi daɗewa a kujera, saƙon da kake tashi ka kai da kanka sai ka aiki yaro. Ba lalaci ba ne, jiki ne ke neman hutunsa, kuma yawanci mutum bai ma lura ba.

To, abin da ya rage a hannu bai wuce 200 da 'yan kai ba. Idan ka bi manhajar ka ci 2,350, ka kuma ƙona kamar 2,450, giɓinka ya dawo 100 kacal. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kusan kalori 7,700. Da giɓin 100 sai ka yi wata biyu da rabi kafin kilo ɗaya ya tafi. Idan ka bar 550 ɗin ba ka taɓa ba, giɓin ya haura 600, kilo ɗaya zai iya tafiya cikin mako biyu. Lissafin takarda ne wannan, kuma saurin yana raguwa yayin da nauyi ke sauka, amma ka ga tazarar da ke tsakani. Kai ɗan kasuwa ne: ba ka ɗibar kuɗi a aljihun shago ka kashe don kawai yaro ya kintata maka ribar yau da baki, sai ka ƙirga abin da ya shigo.

Duk wannan gefe ɗaya ne na lissafin. Ɗaya gefen, wato abin da ke shiga baki, ya fi damuna. Ka ce kana cin 1,800, kuma na yarda haka ka rubuta. Amma tun 1992 wani bincike da aka yi a New York a kan mutanen da suka ce suna cin abinci kaɗan ƙiba ta ƙi tafiya ya nuna sun rage kusan rabin abin da suke ci wajen bayyana adadinsa, sun kuma ƙara kusan rabi a kan motsin da suke yi. Ba ƙarya suka yi niyya ba. Haka ido da tunanin ɗan Adam suke. Mu kuma namu ya fi wuya, domin abincinmu ba ya zuwa da takarda a jiki. Wa ya auna man da ke cikin miyar taushe, ko wanda wainar shinkafa ta sha a tanda, ko wanda mai suya ya shafa kafin ya barbaɗa ƙuli? Cokalin miya ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko manja, kalori 120 ne, kuma a tukunyar gidajenmu ba da cokali ake zubawa ba. Malmalar tuwo ta wani gida ta ninka ta wani gida. Idan kuma tire ɗaya kuka haɗu a kai a bakin shago, babu mai iya cewa ga iyakar abin da ya ci. Manhajojin nan cike suke da abincin Turawa, sunayen abincinmu da za ka samu a ciki yawanci wasu masu amfani da ita ne suka shigar da kintacensu. Shi ya sa nake gaya wa masu zuwa wurina cewa kalorin motsa jiki da ba su ci ba shi ne ke toshe kurakuran lissafin faranti. Idan ka cinye shi, kuskure biyu sun haɗu a hanya ɗaya: agogo ya ƙara, faranti ya rage.

Kuma duba abin da yawanci ake cin 550 ɗin da shi. Je ka bakin babban filin wasa na Surulere ranar Asabar da safe, ko gadar Lekki zuwa Ikoyi inda ake sassarfa, ko nan kusa da kai wajen filin wasa na Agege, ka ga abin da ke hannun mutane bayan sun gama. Lemon kwalba na 50cl mai cikakken suga kusan kalori 200 ne, maltina da 'yan uwanta ba su yi nisa da haka ba, ga shi mutane na ɗaukar su a matsayin abin ƙara jini da ƙarfi. Idan teburin mai shayi ka zauna, ƙaramin ƙullin Indomie ya haura 300 tun kafin a zuba mai a fasa ƙwai. Burodin Agege gram 100, wanda bai kai rabin madaidaicin burodi ba, ya kai 260. Kowane ƙaramin cokalin suga 16 ne, mai shayi kuwa da babban cokali yake zubawa, ga madara. Tattakin awa guda yana iya ƙarewa a minti goma a kan bencin nan, kuma abin takaicin shi ne abin sha mai zaƙi ba ya kashe yunwa, kafin azahar cikinka zai sake kira.

Akwai abu ɗaya da nake so ka duba a manhajar tun yau. Lokacin da ka buɗe ta, ta tambaye ka yawan motsinka a rana. Idan ka zaɓi cewa kai mai yawan zama ne, to 1,800 ɗin ba ta ƙunshi tattaki ba, shi ya sa take ƙara maka. Haka MyFitnessPal da ire-irenta suke aiki. Idan kuwa ka zaɓi cewa kana motsi sosai saboda kana tuna tattakin asuba, to an riga an sa shi a ciki, ƙara shi kuma cin abu ɗaya ne sau biyu. Da lambobin da ka ba ni, alama ta nuna na farko ka zaɓa. Duk da haka ka shiga saiti ka kashe wurin da ke ƙara kalorin motsa jiki, ko ka raba agogon da manhajar. Agogon yana da amfaninsa: ƙirga taku, mintuna, nisa, bugun zuciya. A nan ka riƙe shi.

Alƙalin da za ka saurara shi ne sikeli, amma da sharaɗi. Ka hau da safe bayan ka zaga, kafin ka ci komai, da tufafi marasa nauyi, aƙalla sau uku ko huɗu a mako, ka rubuta. Ƙarshen mako ka haɗa ka raba ka sami matsakaici, shi za ka gwama da na makon da ya wuce. Nauyin rana ɗaya ba ya nufin komai, domin gishiri da ruwa da abin da ke cikin hanji suna iya hawar da mutum ko saukar da shi kilo guda tsakanin dare da safiya. Nauyin da ka gani ya ragu daga dawowa tattaki ma ruwa ne, ledar fiya wata guda biyu za su mayar da shi. Saboda haka masu ɗaura leda a ciki ko sa rigar roba don su yi gumi su daina, a zafin Legas hatsari ne ga ƙoda da zuciya, kuma ko gram ɗaya na kitse ba ya fita ta gumi. Makon farko da na biyu ma kada ka yanke hukunci da su, ruwa ne ke fara sauka. Daga mako na uku, idan kana rage rabin kilo zuwa ƙasa da kilo ɗaya a mako, kana barci lafiya, kana iya aikinka, kada ka taɓa komai. Idan kana zubar da fiye da kilo ɗaya kowane mako kuma jiki ya mutu, ƙara kalori 150 zuwa 200 a kowace rana, ba ranar tattaki kaɗai ba, ka sake dubawa bayan mako biyu. Idan sikeli ya tsaya cak mako huɗu, kada ka ruga ka rage abinci ƙasa da 1,800, fara binciken mai da abin sha da ciye-ciyen tsakanin abinci, irin gyaɗar da ake watsawa baki ana hira, wadda gram 100 nata ya kusa 600. Ka sayi tef irin na tela kuma, ka riƙa auna cikinka daidai cibiya sau ɗaya a mako. Abin nema shi ne faɗin ya koma ƙasa da rabin tsawonka, wato ƙasa da santimita 86 a wurinka.

Yunwar bayan tattaki fa? Gaskiya ce, ba na raina ta. Maganinta tsari ne, ba ƙarin lissafi ba. Fara da ruwa, domin ƙishirwa takan zo da kamar yunwa. Sannan ka sa karin kumallonka ya faɗo daidai dawowarka, daga cikin 1,800 ɗin, ka kuma sa ya zama mai riƙe ciki: dafaffen ƙwai biyu, ko alale, ko wake da ɗan mai kaɗan, ko kifi, da kunun da ba a cika masa suga ba, ko nono marar suga. Furotin da ke cikin waɗannan yana daɗewa a ciki, yana kuma kare tsokarka lokacin da nauyi ke sauka, don abin da muke so ya tafi kitse ne ba nama ba. Da rana ka rage tuwo ko shinkafa, ka cika gefen farantin da ganye, zogale ko alayyafo ko kabeji, a kasuwar Mile 12 ba a rasa su. Ranar da ka wuce ƙa'idarka, a ce ka yi awa ɗaya da rabi ko ka buga ƙwallo, ka ji jiki na neman ƙari da gaske, ɗauki ayaba ɗaya da ƙwai, ko kofin nono, abin da bai wuce 200 ba. Kada ya haura rabin abin da agogo ya nuna.

Yanzu ga waɗanda abokinka ya faɗi gaskiya a kansu. Tun 2016 ake gudun fanfalaki na Legas, kilomita 42, kuma akwai matasanmu da ke shirya masa. Gudu yana cin kusan kalori ɗaya ga kowane kilo na nauyin mutum a kowace kilomita. Mai kilo 70 da ya yi atisayen kilomita 20 ya ƙona kimanin 1,400. Wannan ba abin da za a kawar wa kai ba ne. Idan ya ce zai tsaya a 1,800 a irin wannan rana, tsokarsa zai ci, rauni zai yi ta bin sa, gudun ma zai gagara. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Irin wannan dole ya mayar da kaso mai yawa na abin da ya ƙona, kuma duk atisayen da ya wuce awa ɗaya da rabi yana buƙatar ya ci wani abu mai suga ko sitaci a tsakiya, gram 30 zuwa 60 a kowace awa, dabino da ayaba sun wadatar. Haka 'yan dako masu sauke buhuna a Mile 12, da masu tura kurar ruwa, da leburorin gini. Su aikinsu ba motsa jikin awa guda ba ne, wuni guda ne, don haka tun farko adadin abincinsu ya kamata a lissafa shi sama, ba a ba su lambar mai zaman shago ba.

Mai ciwon suga da ke yin allurar insulin ko shan ƙwaya irin glibenclamide, maganarsa daban ce gaba ɗaya. Motsa jiki yana iya faɗar masa da suga, a lokacin ko sa'o'i bayan ya gama. Kada ya fita ba tare da dabino ko suga a aljihu ba. Idan ya ji rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri ko gani ya dushe, ko awonsa ya nuna ƙasa da 70, ya tsaya ya sha suga kamar ƙaramin cokali uku ko huɗu a ruwa nan take, ya sake aunawa bayan minti 15. A nan ba a maganar kalori, rai ake ceto. Ya kuma zauna da likitansa a daidaita maganin da sabon tsarin.

Ga 'yan uwa mata masu karanta wannan: idan kina rage abinci kina kuma motsa jiki sosai, sai al'adarki ta fara tsallake ko ta ɗauke, wannan ba alamar nasara ba ce. Jiki ne ke cewa abin da ake ba shi bai isa ba, kuma idan aka daɗe a haka ƙashi yana raunana. Tun 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya ja hankali a kan wannan matsala, ya kuma nuna tana samun maza ma. Alamominta a kowa sun haɗa da gajiyar da barci ba ya kawarwa, yawan jin sanyi, zubar gashi, saurin fushi, yawan kamuwa da mura, da raguwar sha'awa. Wanda ya ga waɗannan ya ƙara abinci ya ga likita. Mai ciki da mai shayarwa kuwa kada su shiga irin wannan lissafin sai da shawarar asibiti. Akwai kuma wanda lissafin kalori ke zame masa ƙaƙa-ni-ka-yi, ya ci loma ɗaya ya ji dole ya fita ya biya ta da gudu, ko ya ƙi cin abinci sai agogo ya ba shi izini. Wanda ya ga kansa a nan ya ajiye manhajar ya nemi taimako, domin wannan hanya tana kaiwa ga ciwo.

Sai maganar wahalar banza. Ina roƙon uwargida ta janye wannan kalma. Gaskiya ne tattaki kaɗai ba ya zubar da kilo da yawa, faranti ne ke yin mafi yawan wannan aikin. Amma abin da ya kai ka wurin likita hawan jini ne, kuma motsa jiki irin naka, idan aka dawwama a kai, yana rage lambar sama ta awon jini da kimanin 5 zuwa 8 ga masu hawan jini, ko da sikeli bai motsa ba. Kowane kilo da ka rage kuma yana ƙara sauke kusan 1. Tattaki yana rage kitsen da ke naɗe da hanji da hanta, wanda shi ne mafi illa, yana gyara yadda jiki ke sarrafa suga, yana kyautata barci. Kuma a cikin mutanen da suka rage ƙiba ta kuma ƙi dawowa, abin da aka fi samu tare da su shi ne ba su daina motsa jiki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya yi minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ka riga ka shiga sahu. Abin da ya rage maka shi ne ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako, wanda shi ma yana cikin shawarar hukumar. Ba sai ka biya kuɗin gidan motsa jiki ba: tashi-zauna daga kujera, tura bango ko ƙasa da hannu, ɗaga jarkar ruwa. Kada dai ka riƙe numfashi lokacin ɗagawa, yana tayar da jini. Idan kuma an ɗora ka a kan magani, ka sani yayin da nauyi ke sauka kana iya fara jin jiri idan ka miƙe. Sau da yawa ba yunwa ba ce, maganin ne ya fara yi maka yawa. Auna jininka ka koma wurin likita ya duba, kada ka daina sha da kanka, kada kuma ka yi maganin jirin da maltina.

Lokacin azumi, na Ramadan ne ko na Litinin da Alhamis, ka canza lokacin tattakin. Awa guda bayan asuba a wannan garin za ta zubar maka da ruwan da ba za ka iya mayarwa ba sai magariba. Mayar da shi minti 30 zuwa 40 kafin shan ruwa, a hankali, ko bayan tarawihi. Adadin abincin bai canza ba, raba shi kawai za ka yi tsakanin buɗa baki da sahur: dabino uku da ruwa, ka yi salla, sannan abinci, ka ajiye kaso mai kyau na ƙwai ko wake ko nono don sahur. Inda yawancin mutane ke ƙara ƙiba a watan shi ne ƙosai da soyayyen dankali da zoɓo da kunun aya masu suga da ake jerawa a tabarma, don haka ka ce a cire maka naka zoɓon kafin a zuba suga, ƙosan kuma ka ƙirga a faranti maimakon ka riƙa ɗauka daga kwano.